Yadda Uwaisu Ya Sa Kwamfuta Ta Yi Hausa

A Limawa an yi wani saurayi mai suna Uwaisu, wanda duk inda za shi bakinsa ke riga ƙafarsa isa. A shekarun da kwamfuta ta fara shiga ofisoshin Dutse uwarsa ta tura shi Kano ya koyo. Ya je, bai daɗe ba ya dawo da baƙin tabarau da jakar ratayawa, ya ce daga ranar a riƙa kiransa Injiniya. Abu guda ya koyo a can, bugun rubutu. Wannan kam ya iya shi, yatsunsa na gudu a kan maɓallai kamar kaji sun tarar da tsaba. Amma yadda na'urar ke tashi da yadda take kwanciya da abin da ke cikin cikinta, ranar da aka fara koyar da su shi yana kasuwa yana zaɓen yadi.

Kawunsa, Alhaji Abdulbaƙi, babban ma'aikaci ne mai gida a Takur. A jikin gidan akwai shago ɗaya yana kallon titi, a rufe, kuma mutum biyu ke son sa. Uwaisu na so ya buɗe abin da yake kira cibiyar kwamfuta. Ɗan'inna kuma, ɗan ƙanen Alhaji, abincin kaji yake son sayarwa. Su biyun taubasai ne, ba sa haɗuwa su rabu ba su tsokani juna ba.

A shekarar ne Alhaji ya sauke farali ya dawo. Lokacin shari'a ta kankama, an daina kiran makaɗa ƙofar gida, shi kuwa dama ba mai son kiɗa ba ne. Sai ɗansa Zuhair, mai karatu a Zariya, ya kawo shawara. Ya zuba hotunan aikin Hajjin a kwamfutarsa ta tafi-da-gidanka, ya ce ranar walima a haɗa ta da babbar talabijin ɗin falo, kowa ya ga Makka da Madina daga zaune. Ana gobe walima aka aiko masa cewa an matso da jarrabawa. Yana ɗaure jaka Uwaisu ya shigo.

"Yauwa, Yaya Uwaisu, zo in nuna maka," in ji Zuhair. "Ka ga wannan, ɗaki biyu gare ta. In ka kunna..."

"Dakata. Kai a littafi ka karanta, ni a hannu na yi. Je ka kama mota."

"To amma in ta tambaye ka..."

"Ni za ta tambaya? Ni nake tambayarta."

Zuhair ya dubi agogo, ya dubi taubashinsa, ya saɓa jaka ya fita.

Abin da yaron ya so faɗa ba mai yawa ba ne. Kwamfutar nan ɓangare biyu gare ta. Ɗaya mai launi ne, irin wanda ake gani a ofis, a can hotunan suke. Ɗayan baƙi ne ƙirin, ba komai sai farin rubutu, na karatunsa ne, kuma ba ya buɗuwa sai da suna da kalmar sirri da shi kaɗai ya sani. In an kunna ta takan nuna layi biyu ta ce a zaɓa. Ba ta jira sai gwargwadon kurɓar ruwa. In ba a taɓa komai ba, ta wuce baƙin ɗakin abinta.

Da yamma Alhaji ya kira Uwaisu da Ɗan'inna, ya ajiye mukullin shago a kan tabarma.

"Uwaisu, ka dame ni, Ɗan'inna ya dame ni. Gobe in mutane suka ga hotunan nan a talabijin, mukulli naka ne. In ba su gani ba, kaji ma bayin Allah ne."

"Kawu, ka ɗauka an gama. Ɗan'inna, ka fara neman wata rumfar."

"Ba na sauri, Injiniya," in ji Ɗan'inna. "Kaji sun iya jira."

Washegari bayan azahar aka kafa rumfa a tsakar gida. Maza suka zauna a tabarmi, ana raba dabino da ruwan zamzam a ƙananan kofuna. Mata suka taru a tagogin falo, bayan labule. Aka ciccibo talabijin aka ɗora a tebur tana fuskantar jama'a. Uwaisu ya ja waya daga kwamfuta ya soka mata a baya. Sannan ya kafa nasa ɗan teburin a gefenta, ya ɗan ja baya, yadda zai fuskanci mutane. Daga nan ba ya ganin fuskar talabijin, amma kowa na ganin tasa, kuma abin da yake so ke nan.

Ya naɗe hannun riga, ya danna makunni. Daidai nan aka yi sallama. Malam Bubayero ne, tsohon hedimasta, wanda ke jan salla a masallacin unguwa. Uwaisu ya miƙe ya zagayo ya durƙusa.

"Barka da zuwa, Malam."

"A'a, ɗan wajen Adama ne? Ya gida? Ya mahaifiyar taka? Ya ƙafar tata? An samu ruwa a wajenku? Ya mutanen Limawa?"

Malam ba ya gaisuwa rabi da rabi. Kafin a kai kan mutanen Limawa, kwamfuta ta yi tambayarta, ba wanda ya amsa, ta wuce. Da Uwaisu ya koma mazauninsa sai ya tarar da fuskarta baƙi wuluk, ga wasu kalmomin Turanci farare a sama, ga wani ɗan ɗigo yana ƙyafta masa ido. A Kano bai taɓa ganin irin wannan ba. Talabijin kuwa ba abin da take nunawa sai yayyafi da shuu.

Ɗan'inna ya leƙo ta kafaɗarsa.

"Ashe da daddare Baffa ya yi aikin Hajjin."

"Matsa. Suna take tambaya, haka manya suke yi."

Ya buga Injiniya Uwaisu. Ta ƙi. Ya buga sunan Alhaji har da na kakansa. Ta ƙi. Malam Bubayero ya taso ya gyara tabarau ya duba.

"Cewa ta yi ba daidai ba ne."

"Haka gaisuwarsu take, Malam. Zafi ne ya yi mata yawa. Waɗannan a ƙasar sanyi ake ƙera su."

Ya sa aka jiƙo buhu aka shimfiɗa a ƙarƙashin tebur kamar za a girke randa. Ya sa aka karɓo mafici daga wajen mata, ya miƙa wa Ɗan'inna. Ɗan'inna ya karɓa ya shiga yi mata fifita a hankali, kamar mai jinyar tsohuwa.

"Sannu, Hajiya. Ko a kawo miki kunu?"

Aka yi dariya. Uwaisu ya haɗe rai, ya danne makunni har ta mutu, ya sake dannawa. Yana ɗaga yatsa ya ga dattawa sun zuba masa ido, sai ya ga ya kamata a san shi ma mai tarbiyya ne.

"Malam, a sa mana albarka a aikin."

Addu'a kafin a fara aiki ake yin ta, kowane yaro ya san haka, amma Uwaisu sai da ya kunna ya tuna. Malam ya ɗaga hannu, kowa ya ɗaga, kowa ya sunkuyar da kai cikin tafinsa. Aka roƙa wa Alhaji karɓuwar ibada, aka roƙa wa waɗanda ba su je ba, aka roƙi damina mai albarka, aka bi magabata ɗaya bayan ɗaya. Kwamfuta ta yi tambayarta a kan magabaci na farko, ta gaji ta wuce. Da aka shafa, Uwaisu ya buɗe ido, ga baƙin ɗaki, ga ɗan ɗigo yana ƙyaftawa.

"To?" in ji Alhaji.

"An samu ci gaba, Kawu. Baƙin ya ɗan washe. Wutar ce ba ta da ƙarfi, sai an samo janareta."

"Ga fanka can tana juyawa," in ji wani maƙwabci.

"Wutar fanka daban, Baba. Wannan wuta mai nauyi take ci."

Aka aika gidan mai walda na bakin layi. Samari suka turo janareta a baro, wani tsohon inji mai tari, wayarsa kuma gajeriya, dole aka girke shi dab da bayan kujerar Uwaisu. Aka cire wayar talabijin daga wutar bango aka mayar da ita kan janareta. Aka ja igiya, ya yi atishawa, aka sake ja, ya kama da wata ƙara da ta kori tantabarun gidan gaba ɗaya. Hayaƙi ya bi sahun gaba, dattawa suka ja tabarma baya suna toshe hanci da gefen rawani.

Uwaisu ya kashe kwamfuta ya sake kunnawa. Sai muryar Hajiya Rabi'atu, matar Alhaji, ta fito daga bayan labule, ta keta ƙarar janareta.

"Uwaisu, mu fa shinkafa na hucewa. In Makkan ta yi nisa a ci abinci tukuna."

Uwaisu ya ji 'yan matan falo sun ƙyalƙyale da dariya. Wannan bai iya bari ta wuce ba. Ya juya wajen taga, ya zare tabarau, ya shiga yi wa labule bayanin yadda hoto ke narkewa ya bi waya kamar man gyaɗa a mazurari. Ɗan'inna, da ke tsaye da mafici, ya taɓo shi.

"Kai, ga wasu layuka biyu sun fito."

"Talla ce," in ji Uwaisu, ko waiwayowa bai yi ba.

Da ya gama da labule ya juyo, baƙin ɗaki na nan yana jiransa. Yanzu kam zufa ta jiƙa masa wuyan riga. Ya tuna a Kano ya taɓa ganin malaminsu na danna maɓallai biyu biyu, uku uku, a lokaci ɗaya. Ya baza yatsu ya shiga dannawa, sama da ƙasa, hagu da dama. Rubutun ya ɓace ya dawo. Ya ƙanƙance ya dawo. Can ya haɗa wasu biyu, fuskar kwamfuta ta yi ɗif. Ba rubutu, ba ɗigo, ba komai, sai fuskarsa da yake gani a gilashin.

Ba mutuwa ta yi ba. Maɓallan da ya haɗa su ne masu tura abin da ke fuskarta ya bi waya ya tafi talabijin, abin da yake nema tun azahar. Sai dai talabijin na kan wata tasha daban, tana ta yayyafinta.

Alhaji ya ɗaga murya. "Ta mutu ne?"

"Ba ta mutu ba, Kawu, ciki ta shige. Yanzu aka zo wajen da sai ƙwararre. A makance ake yin sa. Kowa ya ba ni wuri."

Ya kori Ɗan'inna, ya sunkuya, ya shiga bugu. Dole a ji ƙarar maɓallai, dole a ga yatsu na aiki. Amma umarnin da zai ba ta ba shi da ko ɗaya. To yatsun da suka saba gudu ba sa gudu a banza, sai suka kama buga abin da ke ransa. Ai ba mai gani, shi kansa ba ya gani.

Ɗan'inna da aka kora ya zagaya gaban talabijin.

"Kafin Injiniya ya fito daga ciki bari in nemo mana labarai."

Ya danna nan, ya danna can. Yayyafi ya ɗauke. Talabijin ta yi baƙi, sai ga farin rubutu manya manya, yana tafiya da kansa, harafi na bin harafi.

Tsofaffin sahun gaba suka matso. Wani ya ce, "Malam, me ta ce?"

Malam Bubayero ya gyara tabarau, ya karkata kai, ya daɗe yana dubawa.

"Ikon Allah. Hausa take yi."

"Karanta mana."

Malam ya gyara murya irin ta aji, ya fara, a hankali, yana ba kowace kalma haƙƙinta.

"Wayyo ni Uwaisu. Ban san abin da nake yi ba. Na kashe wa Zuhair kwamfuta. Da na sani na tsaya na saurari yaron nan."

Aka dubi talabijin, aka dubi Uwaisu. Shi kuwa kansa na ƙasa, janareta na ruri a ƙeyarsa, ba abin da yake ji. Ya ɗago ya ga an zuba masa ido, ya yi murmushin manya.

"Yanzu ina buɗe ƙofar ciki," ya faɗa da ƙarfi, yatsunsa ba su tsaya ba.

"Allah ka kawo hadari a watse," in ji Malam, yana ci gaba da karantawa. "Ko akuya ta shigo ta ture teburin nan."

Sahun gaba ya fara girgiza. Masu jin karatun boko a baya suka riƙa raɗa wa na kusa da su. Labulen falo ya yaye rabi.

"Dubi Ɗan'inna da kai kamar kabewar rani. Shi me ya sani ban da kashin kaji."

Ɗan'inna ya cire hula ya shafa kansa, ya juya wa jama'a shi su gani da kyau, ya mayar da hula.

"Malam kuma," in ji Malam, muryarsa ba ta canja ba, "addu'arsa ta fi hanyar Kano tsawo." Ya ɗan tsaya. "Madalla. Na gode."

Nan fa dattawa suka kasa riƙewa. Wani tsoho ya kwanta a kafaɗar na kusa da shi yana share hawaye. Uwaisu ya ga ana dariya, ya ɗauka saurin hannunsa ne ya burge su, ya ƙara wuta.

"Saura ƙiris, jama'a. Na kamo ta."

Malam ya buɗe baki zai ci gaba, sai ya rufe. Dariya ta fara mutuwa daga gaba zuwa baya. Alhaji, wanda ba ya buƙatar mai karanta masa, ya ce, "Karanta, Malam. Na riga na gani. Waɗanda ba su gani ba su ma su ji."

Malam ya karanta. "Kawu bai san komai a kwamfuta ba. In na ce ita ta ƙone da kanta zai yarda. Shagon dai nake so."

Wuri ya yi tsit, in ban da janareta. Uwaisu ya ɗago ya ga fuskoki sun sauya. Yatsunsa suka ci gaba da kansu. A wannan karon Malam ya ɗaga murya har ta haye ƙarar inji.

"Me kuma ya sa suka yi shiru?"

Uwaisu ya ji. Ya ji maganar da bai furta ba ta fito daga bakin liman. Yatsunsa suka tsaya a sama. Ya dubi Malam, ya dubi baƙin gilashin da ke gabansa. A hankali, da yatsa ɗaya, ya buga kalma guda.

"Malam," in ji Malam. Sannan ya juyo ya dube shi. "Na'am. Ina jin ka."

Uwaisu ya miƙe, ya zagayo, ya tsaya gaban talabijin. Ga shi nan duka, fari a kan baƙi, tun daga wayyo har zuwa shago. Ya koma da gudu ya danne maɓallin gogewa, haruffa suka riƙa ɓacewa daga ƙarshe suna komawa baya.

"Bar wajen kabewar," in ji Ɗan'inna. "Na baya ba su gama gani ba."

Alhaji ya sa aka kashe janareta. Kunnuwa suka huta. Ya daɗe yana duban ɗan 'yar'uwarsa, wanda ya durƙusa a gefen tabarma, tabarau a hannu.

"Uwaisu, wanne ne kai? Na baki ko na yatsu?"

"Kawu, gwaji ne. Ana gwada..."

"Na yatsun ya fi gaskiya. Da shi ya zo min tun jiya ya ce bai iya ba, da mun zauna mun yi magana. Gaskiyarka ɗaya, ban san komai a kwamfuta ba. Amma na iya karatu."

Kafin wani ya ce wani abu, hannun Hajiya Rabi'atu ya fito ta taga riƙe da wata jakar leda mai kauri.

"Ga hotunan nan na takarda, waɗanda Zuhair ya kwafa. Tun safe suna ƙarƙashin matashina. Ba wanda ya tambaye ni. A miƙa wa Malam, in kun gama ku dawo mana da su, kuma kada a taɓa da hannun maiƙo."

Hotuna suka shiga zagaya tabarmi hannu da hannu. Ga Alhaji da harami, ga shi a Arfa ya riƙe lema, ga shi an aske masa kai. Ana ta ma sha Allah. Aka fito da shinkafa. Uwaisu na durƙushe yana kallo, can wata dabara ta faɗo masa, ya matso.

"Kawu, ai ga shi mutane sun ga hotunan."

"Sun gani," in ji Alhaji. "A talabijin muka yi da kai, amma bari in yi maka sassauci in ce wanda ya nuna shi ya ci." Ya zaro mukulli daga aljihu ya ɗaga wajen taga. "Hajiya, kin ci shago."

"Me zan yi da shago?" in ji murya daga bayan labule. "A ba Ɗan'inna. Ya riƙa aiko min da dusa."

Bayan kwana biyu Zuhair ya dawo, ya kunna kwamfutarsa, ya danna maɓalli ɗaya, hotuna suka cika talabijin. Uwaisu bai zo gani ba. Yana bakin titi wajen mai shayi, ya mayar da tabarau, ya tara wasu baƙi 'yan Kiyawa da ba su halarci walima ba.

"Ku tambayi kowa a Takur," yake ce musu. "Duk faɗin Jigawa ni na fara sa kwamfuta ta yi Hausa. Liman da kansa ya karanta."

Ɗan'inna na tsallaken titi yana sauke buhuna a ƙofar shago. Baƙin suka juya suka tambaye shi ko haka ne.

"Haka ne," in ji Ɗan'inna. "Ina wurin. Kuma tunda nake da shi ban taɓa jin an faɗi gaskiya da sunansa ba sai ranar."